Waiwaye: Yadda aka yi ta neman hanyar aika wuta kan jirgin abokin gaba

Jirgin ruwan da aka ƙera da katako, aka shafe da kwalta, aka ɗaura masa filafilai na ƙyalle, ba abin da yake tsoro kamar wuta. Matsalar mayaƙan ruwa tun fil azal ita ce yadda za a kai wutar can ba tare da an matsa kusa ba.

Mutanen Sin, waɗanda suka gano albarushi, su suka fara ɗaura shi a jikin kibiya. Littafin yaƙinsu na ƙarni na 14, Huolongjing, ya kawo wani makami da aka yi da gora, mai kan dodo. Rokoki huɗu na waje su ɗauke shi saman ruwa, in sun ƙone sai wutar ta kama ƙananan kibau da ke cikinsa, su fito ta baki. Roka mai hawa biyu ke nan, tun a wancan zamani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Hasan al-Rammah, masanin dabarun yaƙi na ƙasar Sham da ya rasu a 1295. A littafinsa na hawan doki da makamai ya zana wani abu da ya kira ƙwai mai tafiya da kansa yana ƙonawa. Faranti biyu ne na ƙarfe a kife da juna, an cusa musu man wuta da albarushi, an sa sanduna a baya don kada ya karkace, roka kuma ta tura shi bisa ruwa. Da yawa suna ɗaukarsa kakan tofido, wato bam mai tafiya da kansa cikin ruwa har ya daki jirgi, ko da yake a shafin littafi aka san shi.

Saiti shi ne ciwon kan. Roka ba ta jin magana, balle a kan igiyar ruwa. Turawan Ingila sun sha wuya a hannun rokokin ƙarfe na Haidar Ali da ɗansa Tipu Sultan a Maisur ta Indiya, sai wani ɗan Ingila, William Congreve, ya inganta su. A Oktoban 1806 aka harba su daga kwale-kwale kan jiragen Faransa a Boulogne, amma galibi gari suka faɗa. Shekara ɗaya bayan nan, a Kopenhagen, babban birnin Denmark, gidajen mutane suka ƙona.

Sai da aka raba albarushi da aikin tura makamin sannan aka dace. A 1866, a garin Fiume (Rijeka ta Croatia a yau), injiniya Robert Whitehead ya ƙera tofido mai tafiya a ƙarƙashin ruwa da matsattsiyar iska, abin fashewa kuma yana can a goshi. A Janairun 1878 ƙananan jiragen Rasha suka nutsar da jirgin Daular Usmaniyya mai suna Intibah da irinsa, a gaɓar Batum, a Baƙin Teku.