Shin baƙin haure ne ke zaɓen ɗan takara a Amurka? Abin da doka ta ce kan ƙuri'ar 'yan Latino

Da zarar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ya iso jihohin Nebada, Kalifoniya ko Tekzas, sai maganar nan ta sake tashi a Facebook da WhatsApp: wai baƙin haure da suka tsallako daga Meziko ne ke tururuwa rumfunan zaɓe suna ɗora wanda suka ga dama. Masu yaɗa ta kan kafa hujja da 2020, lokacin da Bernie Sanders ya lashe zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a Nebada da Kalifoniya da gagarumin goyon bayan 'yan Latino, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Tasirin nasu kam gaskiya ne. A 2024 'yan Latino kimanin miliyan 36 ne suka cancanci kaɗa ƙuri'a. Sai dai dukkansu 'yan ƙasa ne, kuma galibinsu a Amurka aka haife su. Jin mutum yana magana da Sifaniyanci a layin zaɓe bai nuna baƙo ba ne.

Wanda ya cancanta a taƙaice: ɗan ƙasa ta haihuwa ko wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 18, ya kuma yi rajista bisa ƙa'idar jiharsa. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, ba ya ciki, ko da ya shekara talatin yana biyan haraji.

Wasu kan ce ai har takardar ƙuri'a ake buga musu da harshensu, wannan ba gata ba ne? Tun 1975 aka ƙara sashe na 203 a Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wanda ya wajabta wa gunduma ta samar da kayan zaɓe da wani harshe idan 'yan ƙasa masu jin sa da ba su ƙware a Turanci ba sun haura 10,000 ko kashi 5 cikin ɗari na masu shekarun zaɓe. Sashen ya shafi Sifaniyanci da harsunan Asiya da na 'yan asalin ƙasar, bai haɗa da Hausa ko Larabci ba.

Akwai kuma batun Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin ikon Amurka, mai rikita mutane. Mazauna tsibirin 'yan ƙasa ne tun 1917, suna kuma zaɓen fidda gwani; Hillary Clinton ta ci can a 2008, Marco Rubio a 2016. Amma a babban zaɓen Nuwamba ba su da ƙuri'a, domin tsibirin ba jiha ba ne. A ba ka dama ka tsai da ɗan takara, a hana ka zaɓensa, wannan tsari da wuya a kira shi adalci.

Yanzu hukuncin, wanda shi ne ya fi shafar 'yan'uwanmu da ke zaune a yankin Bronx na birnin New York da sauran wurare da girin kad. Dokar tarayya ta 1996 ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ko na majalisa: tara, ko ɗauri har shekara 1, ko duka biyun. Yin ƙaryar zama ɗan ƙasa domin rajista kuwa na iya kai mutum shekara 5 a kurkuku. Ɗaurin ma ƙaramin alhaki ne. Dokar shige da fice ta ba da damar korar mutum daga ƙasar saboda ƙuri'a ɗaya, ko da kotu ba ta taɓa yanke masa hukunci ba, sannan ranar da ya zo neman zama ɗan ƙasa fom ɗin zai tambaye shi ko ya taɓa rajista ko zaɓe.

“Ban sani ba” ba ta cika fid da mutum ba. Rangwamen da doka ta yi ƙunci gare shi: sai iyayenka duka biyu 'yan ƙasa ne, ka zauna a Amurka dindindin kafin ka kai 16, kuma kana da dalilin zaton kai ma ɗan ƙasa ne. Inda da yawa ke faɗawa shi ne ofishin lasin tuƙi. Tun dokar 1993 ake miƙa wa mai neman lasin damar rajistar zaɓe a wuri guda, sai mutum ya ga akwati a takarda, ya yi maki, ya sa hannu, bai san ya rantse cewa shi ɗan ƙasa ba ne. Abin da ke ƙara ruɗani, wasu garuruwa irin su Takoma Park a jihar Maryland suna barin baƙi su yi zaɓen gari, amma iyakarsa ke nan.

Jihohi ma na da nasu hukuncin. A 2017 wata kotu a Tekzas ta yanke wa wata mata mai girin kad, wadda aka kawo ta daga Meziko tana jaririya, ɗaurin shekara 8 saboda ta yi zaɓe a 2012 da kuma zagaye na biyu na fidda gwanin jam'iyyar Republican a 2014. Shekara 8 kan ƙuri'a biyu, a ganina ya yi tsauri ƙwarai. Yawan masu aikata laifin kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba: binciken da jihar Jojiya ta yi a 2024 ya gano baƙi 20 cikin masu rajista miliyan 8.2.