Hodar nano mai ƙyalli a binciken zanen yatsa

Hodar nano mai ƙyalli gari ne mai laushin gaske da masu binciken laifi ke barbaɗawa don fito da zanen yatsan da ido ba ya gani, wato wanda gumi da maiƙon fata suka bari a kan gilashi, mariƙin ƙofa ko leda. Girman ƙwayarta ba ya wuce nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). Hausawan Makka da Jidda kan ce wa zanen yatsa "basma", sun kuma fi saninsa wajen iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) da filin jirgi, inda mutum ke dangwalawa da saninsa. Wanda hodar ke fitowa da shi kuwa bari ake yi ba da niyya ba.

Tarihi

A 1880 Henry Faulds, likitan da ke aiki a Japan, ya ba da shawarar kama masu laifi da zanen yatsa. A 1892 aka fara samun wata da laifin kisa ta wannan hanya a Ajantina. An daɗe ana amfani da baƙar hoda da buroshi. A 1954 aka shigo da sinadarin ninhaidirin don takarda, sai tururin gam mai ƙarfi a Japan wajen ƙarshen shekarun 1970. Kusan a lokacin ne E. Roland Menzel da abokan aikinsa a Kanada suka haska zane da leza. Shi ne kuma, wajen shekarar 2000, ya gwada ƙwayoyin nano na kadmiyom, wani nau'in ƙarfe.

Yadda take aiki

Ƙwayoyin kan manne wa layukan zanen, su bar tsakaninsu wayam. Da an haska fitilar ultirabayolet (hasken da ido ba ya gani) a duhu sai layukan su yi haske, a wasu gwaje-gwajen har ramukan gumi su bayyana. Amfaninta ya fi fitowa a kan abu mai launi barkatai, kamar takardar riyal ko gwangwanin lemo, inda baƙar hoda ke ɓacewa. Wani nau'in yakan sha hasken infirared (shi ma ido ba ya ganinsa) mai tsawon zango nanomita 980, ya mayar da shi kore.

Amfani a yau

Kadmiyom guba ne, shi ya sa aka karkata ga ƙwayoyin kabon. Zafi irin na Hijaz, yankin Makka da Jidda, yana saurin busar da gumi, hoda kuwa ba ta kama busasshen zane sosai. Akasarin aikin bai fita daga ɗakunan gwaji ba tukuna, kuma masana sun saɓa kan ko ta fi tsohuwar hoda.