Lissafin miƙaƙƙen tsari a harkar kasuwanci

Lissafin miƙaƙƙen tsari wani reshe ne na lissafin kasuwanci da ake amfani da shi wajen gano yadda za a raba abin hannu mai iyaka, kamar jari ko lokaci ko fili ko kayan aiki, ta yadda riba za ta kai maƙura, ko kuma kashe kuɗi ya sauko iyakar saukowa. A makarantun Kamaru da Cadi masu koyarwa da Faransanci ana kiransa programmation linéaire, kuma ɗaliban tattalin arziki da na sarrafa kamfani kan haɗu da shi tun a shekarun farko na jami'a. An ce masa miƙaƙƙe ne saboda ana ɗauka komai yana tafiya daidai wa daida: idan riga ɗaya ta ci mita 8 na yadi, biyu za su ci 16, goma za su ci 80. Alaƙa irin wannan, in aka zana ta a takarda, miƙaƙƙen layi take bayarwa.

Kowace matsala tana da sassa uku. Akwai adadin da ake nema, wanda ake wa alama da haruffa kamar x da y. Akwai manufa, wato abin da ake so ya yawaita ko ya ragu. Sai sharuɗɗa, iyakokin da ba a isa a ƙetare ba. Daga cikinsu akwai guda da ake yawan mantawa da rubutawa: adadin ba zai yi ƙasa da sifili ba.

Misali daga shagon tela

A ɗauka wani tela ne a Garwa, sallah ta ƙarato. Shadda mita 120 ce a hannunsa, kuma shi da yaran shagonsa awa 100 na aiki ya rage musu. Babbar riga tana cin mita 8 da awa 6, ribarta sefa 9,000. Kaftani yana cin mita 4 da awa 4, ribarsa sefa 5,000. Alƙaluman na misali ne kawai. Idan x ce yawan riguna, y kuma yawan kaftani, manufar ita ce 9,000x + 5,000y ta kai iyakar girmanta, bisa sharuɗɗan 8x + 4y ≤ 120 da 6x + 4y ≤ 100.

Abin da zai fara zuwa zuciyar mutum shi ne a ɗinka babbar riga zalla, tunda ribarta ta fi tsoka. Shaddar za ta isa riguna 15, riba sefa 135,000, amma awa 10 za su tafi a banza. In aka koma kaftani zalla, lokaci zai ƙare a kan guda 25, riba 125,000, ga mita 20 na shadda a ajiye.

Dabarar zane ita ke warware wannan. Ana ja layin kowane sharaɗi a takarda, sai a sami fili mai kusurwa huɗu wanda duk abin da telan zai iya ɗinkawa yake cikinsa. Kusurwoyin, da yawan riguna a farko, yawan kaftani a biye, su ne (0, 0) da (15, 0) da (0, 25), da inda layukan biyu suka gamu, wato (10, 10). A nan ƙashin bayan fannin yake: an tabbatar da cewa muddin akwai amsa mafi kyau, za a same ta a ɗaya daga cikin kusurwoyin. Saboda haka ba sai an gwada kowane haɗi ba, kusurwa huɗun kawai za a auna. Riguna 10 da kaftani 10 suna ba da sefa 140,000, kuma ba shaddar da ta rage, ba awar da ta salwanta.

Dalilin gaurayawar yana da ban sha'awa. In aka auna da lokaci, riga ce kan gaba: sefa 1,500 a kowace awa, kaftani 1,250. In aka auna da yadi, kaftani ne: 1,250 a kowace mita, riga 1,125. Tunda lokacin da yadin duka sun yi wa telan ƙaranci, tsakanin riga da kaftani babu wanda zai ɗauka shi kaɗai.

Farashin ɓoye

Amsar ba ta tsaya ga "ɗinka kaza da kaza" ba, kuma abin da ke biye da ita ya fi ta amfani ga ɗan kasuwa. Kowane sharaɗi yana da ƙimar da ake kira farashin ɓoye, wato abin da riba za ta ƙaru da shi in aka sassauta sharaɗin da ma'auni ɗaya. A misalin nan, ƙarin mita ɗaya na shadda yana ƙara sefa 750, ƙarin awa ɗaya kuma sefa 500. Ke nan idan wani ya zo da shadda iri ɗaya amma ya ɗora sefa 600 a kan farashin da aka saba, saye ya fi. In 900 ya ɗora, a bar masa kayarsa. Wannan ƙima ba ta dawwama. Da zarar shaddar ta haura kamar mita 133, ƙari ba zai amfana da komai ba, domin lokacin ɗinkawa ya riga ya ƙare. Haka kuma amsar (10, 10) tana nan daram matuƙar ribar riga tana tsakanin sefa 7,500 da 10,000, ribar kaftani kuma ba ta motsa ba.

Asali

A 1939 Leonid Kantorovich, masanin lissafi a Leningrad ta Tarayyar Sobiyet, ya wallafa hanyar warware irin wannan matsala bayan wata masana'antar katako ta nemi ya duba yadda za ta raba aiki tsakanin injunanta. Aikin bai samu karɓuwa da wuri ba. A 1947 George Dantzig, yana yi wa rundunar sojin saman Amurka aikin tsare-tsare, ya fito da dabarar simpleks: a fara daga kusurwa ɗaya, a matsa zuwa maƙwabciyarta da ta fi riba, har a kai inda babu gaba. Zane yana aiki ne in abin nema biyu ne. Simpleks kuwa tana ɗaukar ɗaruruwa da dubbai. A 1975 aka ba Kantorovich da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki, ba a haɗa da Dantzig ba. Leonid Khachiyan a 1979 da Narendra Karmarkar a 1984 sun kawo wasu hanyoyin da ba sa bin kusurwa bayan kusurwa. Yau ƙaramin ɗan kasuwa zai iya yin lissafin a kwamfuta da Solver, wani ɓangaren warware lissafi da ke cikin manhajar Excel ko ta LibreOffice.

Inda ake amfani da shi da inda yake gazawa

Matsaloli biyu sun yi suna. Ta farko ita ce ta sufuri, wadda Frank Hitchcock ya tsara a 1941: kaya suna wurare da yawa, ana bukatarsu a wasu wuraren, wace hanya ce mafi arha? Kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injunan gurza, aikin da kamfanin auduga na SODECOTON ke yi a arewacin Kamaru, da kai albasar Marwa kasuwannin kudu, duk siffarsu ke nan. Ta biyu ita ce ta haɗa abinci, wadda George Stigler ya yi nazarinta a 1945. Mai kiwon kaji ko mai turka raguna da ke gauraya masara da dusa da ƙulin angurya, yana neman abinci mai gina jiki a kan kuɗi mafi ƙanƙanta, ita yake warwarewa ko da bai taɓa rubuta x da y ba.

Sai dai kasuwa ba kullum take miƙewa ba. Mai sayen shadda bandir guda ana yi masa ragi, wanda ya cika kasuwa da kaftani kuma farashi zai faɗi a hannunsa, lissafin bai san da wannan ba sai an gyara masa tsari. Yana kuma ɗauka alƙaluman tabbatattu ne, alhali ɗaukewar wuta na kwana guda ta isa ta rushe awa 100 ɗin telan. Akwai kuma matsalar gutsure: amsa kan fito riga 12 da rabi. Zagaye lambar ba lallai ya ba da mafi kyawun zaɓi ba, wani lokaci ma yakan karya sharaɗi. Don haka aka samar da reshe na musamman mai aiki da cikakkun lambobi, wanda Ralph Gomory ya aza masa tubali a 1958, sannan Ailsa Land da Alison Doig suka ƙara da hanyar rarraba matsala gida-gida a 1960.