Tarayyar Birane a Tsohuwar Girka

Tarayya a tsohuwar Girka, wadda Girkawa ke kira koinon, tsari ne da biranen yanki guda suke haɗuwa a ƙarƙashin majalisa ɗaya da runduna ɗaya, alhali kowane birni yana riƙe da harkokinsa na cikin gida. Mutum yakan zama ɗan birninsu kuma ɗan tarayya a lokaci guda. Tsarin ya fi yin ƙarfi inda jama'a ke ganin kansu ƙabila ɗaya, kuma sau da yawa wurin ibadarsu ne ya zama dandalin taro.

Boyotiya

An san tsarin tarayyar Boyotiya, wani yanki a tsakiyar Girka, dalla-dalla albarkacin wani guntun rubutun tarihi da aka tono a Masar, wanda masana ba su yi ittifaƙi kan marubucinsa ba. Ana kyautata zaton tsarin ya kafu ne bayan da mutanen yankin suka fatattaki Atina a Koroniya, wajen shekarar 447 kafin miladiyya. Gundumomi 11 ne a ƙasar, kowace tana ba da shugaban yaƙi ɗaya, 'yan majalisa 60, dakarun ƙasa kimanin 1,000 da mahaya 100, kuma da wannan ma'auni ake raba haraji da kujerun alƙalai. Ƙananan birane uku sukan haɗu a gunduma ɗaya, su riƙa fitar da shugaban bi da bi. Sai dai Tibis, babban birnin yankin, ita kaɗai ta riƙe gundumomi huɗu, kuma a tudunta majalisar mutum 660 take zama, don haka daidaiton bai hana babba danne ƙanana ba. Sparta ta sa aka rushe tarayyar a 386, ta fake da sulhun da Sarkin Farisa ya shimfiɗa. Tibis ta sake ɗinke ta bayan 379, ta kuma karya Sparta a Lukitira a 371.

Akaya

Birane huɗu ne suka farfaɗo da tarayyar Akaya, a kudancin Girka, wajen 280 kafin miladiyya. Ta fara ƙetare iyakar ƙabila a 251, lokacin da Aratus ya shigar da birninsu Sikiyon, sannan ya ƙwace ganuwar Korinti daga hannun Makidoniya a 243. Shekara ɗaya babban kwamanda yake yi, kuma ba ya zarcewa sai ya tsallake shekara. Masanin tarihi Polibiyus, wanda ɗan tarayyar ne kuma bai ɓoye son da yake yi mata ba, ya ce biranen sun yi tarayya a dokoki, ma'aunai da kuɗi.

Itoliya

Cibiyarta Tarmon ce. Ta yi suna bayan kare Delfi, shahararren wurin ibadar Girkawa, daga mamayar Galawa, wasu ƙabilu daga arewa, a 279, Roma kuma ta rusunar da ita a 189.

Ƙarshensu

Akaya ta ci gaba har 146, shekarar da Romawa suka ci ta da yaƙi suka rushe Korinti. Daga baya an bar wasu tarayyoyin su dawo, amma aikinsu ya koma shirya bukukuwa da hidimar ibada.