Gobarar Daji a Ostareliya: Me Ya Sa Kowala Ta Fi Jin Jiki?

Wace irin dabba ce kowala?

Wata 'yar dabba ce mai gashi toka-toka, wadda a Ostareliya kaɗai ake samunta a daji. Tana goyon ɗanta a jakar cikinta kamar kangaru. Abincinta ganyen bishiyar turare, irin wadda ake dasawa a Arewa don tare iska. Ganyen ba ya ba jiki kuzari sosai, shi ya sa takan yi barci har awa 18 zuwa 20 a rana.

Me ya hana ta gudu idan wuta ta tashi?

Nan ne abin tausayin yake. Kangaru ya yi tsalle ya tsere, tsuntsu ya tashi sama, wombat, wata dabba mai haƙa rami, ya shige raminsa. Ita kuwa kowala dabararta ɗaya ce: ta haye can ƙololuwar bishiya ta dunƙule. Idan wutar ciyawa ce take ci ta wuce, dabarar na fisshe ta. To amma ganyen turare cike yake da mai, kuma babbar gobara ta sama take bi, daga wannan bishiya zuwa waccan. Maɓoyar tata sai ta zame mata tarko. Wadda ta tsira kuma, idan ta sauko kan toka mai zafi, tafukanta sun ƙone. Da me za ta sake hawa ta ci?

Yaya girman ɓarnar?

A gobarar 2019 zuwa 2020, rahoton ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ya ƙiyasta dabbobi kusan biliyan 3 abin ya shafa, yawancinsu dangin ƙadangaru, har da kowala fiye da 60,000. Kusan rabin Tsibirin Kangaru da ke kudancin ƙasar ya ƙone. A Fabrairun 2022 gwamnati ta sanya kowalar jihohin Queensland da New South Wales da yankin babban birni cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Idan wuta ta mutu, shi ke nan?

Ina! A ganina wannan ne ɓangaren da hotuna ba sa nunawa. Babu ganye, babu mafaka, ga kyanwoyin daji da yanyawa suna sintiri a fili fetal suna tsintar ƙananan dabbobi. A Janairun 2020 sai da aka riƙa zubo wa dabbar walabi, wadda dangin kangaru ce, karas da dankali daga jirgi mai saukar ungulu. Kowala kuwa ɗa ɗaya take haifa a shekara, wani lokacin ma ba kowace shekara ba.

Ya dace a ba ta ruwa da gora, kamar yadda aka gani a intanet?

A'a. Ruwan na iya shiga huhunta. A zuba a kwano a ajiye mata, ta lasa da kanta.