Kafin Ka Goya Famfon Feshi, Duba Ganyen Da Kyau

A tsakiyar zafin Afrilun bara wani manomi daga wajen Kura ya kira ni tun ban karya kumallo ba. "Malam, ka zo, cuta ta shiga gidan leda, ganye duk ya nannaɗe." Da na isa na tarar da kwalaben magani uku a bakin ƙofa, duk ya fesa su cikin kwana takwas, kowacce da shawarar wani. Na shiga ciki, ko minti biyar ban yi ba rigata ta jiƙe sharkaf. Na tsuguna na tura yatsa cikin ƙasa. Sama a jiƙe take, amma da na tona kamar zurfin tafin hannu sai na iske ta busasshiya ƙayau. Na ce masa, "Alhaji, tumatirinka lafiyarsa lau. Ƙishi yake ji, zafi kuma ya ishe shi."

Na kawo labarinsa ne don irin wannan kira ya yi yawa tun da gidajen leda, wato rumfunan noma da ake rufewa da leda da raga, suka fara yaɗuwa a Kano da Kaduna da Filato. Dalilin yaɗuwarsu a fili yake: kowa ya san yadda farashin kwandon tumatir ke faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan lokacin kakar rani, ya kuma san yadda yake tashi da damina. Wanda ya iya fitar da tumatir a watan Yuli ko Agusta ya samu kasuwa. Sai dai noman cikin leda ba irin na Kadawa ba ne, inda za a buɗe ruwa ya kwanta a fangali a tafi. A nan babu ruwan sama, babu iska sosai, babu ƙudan zuma. Duk abin da shuka za ta samu daga hannunka zai fito, kuskurenka kuma a ganye yake fara bayyana. Cikin matsalolin ganyen da ake kira na a kansu, mafi yawa ruwa ne ko taki ko zafi, ba abin da maganin feshi zai taɓa ba.

Mu fara da naɗewar ganye, tun da ita ta fi tayar wa mutane hankali. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama kamar kwalekwale, suka yi kauri amma launinsu kore shar, shukar ce take rage fuskar da rana ke duka don kada ruwanta ya ƙare. Tumatir ya fi jin daɗi idan zafin rana bai wuce digiri 30 ba. Da zarar ya haura 35, fure ya fara zuba ba tare da ya ƙulla ɗa ba. To a Kano cikin Afrilu waje ma yakan kai 40, balle cikin leda. Maganin wannan shi ne ɗage gefen leda iska ta ratsa ta raga, shimfiɗa ragar inuwa a sama, sannan a wanke ragar gefe. Wannan na ƙarshe mutane kan manta da shi. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan raga, sai gidan ya koma tamkar tanda.

Amma idan sababbin ganyen kai ne suka ƙanƙance, suka murɗe, gefensu ya yi rawaya, shukar ta daina tsawo, to labari ya canza. Girgiza ta ka gani. In ƙananan fararen ƙudaje sun tashi, su ne suka kawo cutar, kuma babu maganin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. Tuge ta, saka ta a buhu tun a cikin gidan, fitar da ita ka binne. Na san da ciwo, musamman ga wanda ya sayi iri da tsada, amma barin ta tamkar ajiye rijiyar da ƙudan zai riƙa sha yana rarraba wa sauran ne. Akwai kuma murɗewa ta uku wadda na sha gani: ganye ya sirance ya lanƙwashe kamar igiya, bayan an yi feshi da famfon da aka fesa maganin ciyawa a gonar shinkafa. Tumatir ba ya jure ko ɓurɓushinsa. Gidan leda ya kamata ya samu famfonsa na kansa, kada a ba da aronsa.

Batun ruwa shi ne inda na fi daɗewa da manoma. Babbar shuka mai ɗauke da 'ya'ya takan sha lita 2 zuwa 3 a rana lokacin zafi, ƙasa da haka a hunturu ko ranar da hadari ya rufe. Amma yadda aka ba ta ya fi yawan muhimmanci. Gara a raba shi kashi biyu ko uku, da sassafe, da hantsi, da kuma bayan azahar, a kan a zuba shi gaba ɗaya. Kada a yi ban ruwa dab da magariba, domin gidan zai kwana da laima, ita kuwa cutar ganye abin da take nema ke nan. A gindi ake ba da ruwa, ba a kan ganye ba. Mai tiyon ɗigo ya riƙa bin layi yana dubawa, don rami ɗaya kan toshe shuka ta yi kwana uku ba ta sha ba alhali maƙwabtanta sun ƙoshi. Ka sa gwangwani ƙarƙashin rami ɗaya a farkon layi, wani a ƙarshe, ka buɗe ruwa minti goma, ka kwatanta. Gwajin ƙasa kuma bai wuce hannunka ba: ɗebo daga zurfin tafin hannu ka dunƙula. In ta dunƙulu ba ta ɗiga ba, daidai ne. In ta wargaje, ƙara. In ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu, dakata.

Yawan ruwa ma yana sa shuka yaushi, abin da ke ruɗa mutane da yawa. Saiwa na numfashi. In ta nutse sai ta ruɓe, ganye ya langaɓe, mai gona ya ga haka ya ƙara ruwa. An gudu ba a tsira ba.

Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, ya lotsa kamar an ɗana masa wuta, shi ma ɗan gidan ruwa ne. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma sau da yawa akwai shi a ƙasa, ruwan da zai ɗauke shi zuwa ɗan ne ke yankewa: yau an cika, gobe injin ya lalace, jibi an sake cikawa. Irin wannan ban ruwa shi ke fasa 'ya'ya kuma. Daidaita ruwan tukuna, cire waɗanda suka yi tabo, sannan a yi maganar takin kalsiyam.

Shi kuwa rawayar ganye, tambayar farko ita ce daga ina ta fara. Idan ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, shukar ta rame, yunwar naitirojin ce. Idan ganyen ƙasa ne amma jijiyoyinsu na nan kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, maganiziyam ne ya yi ƙaranci, kuma hakan ya fi faruwa lokacin da 'ya'ya suka yi nauyi. Giram 10 na gishirin Epsom a kowace litar ruwa, a fesa da sanyin safiya, yakan tsayar da shi, ko da yake ganyen da ya riga ya koɗe ba zai dawo ba. Idan bakin ganye ne ya ƙone zagaye, 'ya'ya kuma suna nuna rabi ja rabi kore, a duba fotash. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari da koren jijiya, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa ɗauka, wani lokaci don ƙasa ta cika ruwa.

A gaskiya na fi ganin ɓarnar yawan taki a kan ƙarancinsa. Mun saba da masara, wadda in ka ba ta yuriya take gode maka. Tumatir ba haka yake ba. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Ka cika masa ita sai kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu, kai ya dunƙule, ka yi ta murna alhali fure kaɗan ne. Daga lokacin da ya fara ƙulla 'ya'ya fotash ya fi buƙata. Ka ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, a bar shi ya ruɓe tukuna. Masu narka taki a tanki su kiyaye: takin kalsiyam ba a haɗa shi mai kauri da mai fosfet ko salfet a mazubi ɗaya, zai yi gudaji ya toshe tiyo. Sannan tun da ruwan sama ba ya shiga ya wanke ƙasa, gishirin taki na taruwa. In ka ga fari-fari kamar kanwa a saman kunya, ka sake ruwa zalla mai yawa sau ɗaya ya tafi da shi ƙasa.

Ba ina cewa babu cuta ba. Duk wanda ya yi noman tumatir a 2016 bai manta da Sharon ba, tsutsar nan mai suna Tuta absoluta da ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta gangaro mana. Alamarta ita ce ganye ya yi fili fari kamar takarda. Ɗaga shi ga haske za ka ga 'yar tsutsar da baƙin kashinta a tsakanin fatar ganyen, shi ya sa magani ba ya isa gare ta da sauƙi. In ta shiga gidan leda ta fi ɓarna fiye da a fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗinke duk hujin raga ran da ka gan shi, yi ƙofa biyu da ɗan soro a tsakani, rataya tarkon ƙamshi mai janyo mazan ƙwaron, da allon gam mai launin rawaya, ka riƙa ƙirga abin da suka kama kowane mako. Tabon ruwan ƙasa mai zobe-zobe a ganyen ƙasa kuwa cutar fangas ce mai son laima. Cire waɗannan ganyen da safe, ka fitar da su waje, kada ka zubar tsakanin layi. Shukar da ta langaɓe farat ɗaya tana kore, yanki kararta ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In wani farin zare kamar madara ya zubo, cutar bakteriya ce daga ƙasa. In ka tuge ka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar saiwa ce. Duka biyun feshin ganye ba ya yi musu komai.

In dai feshin ya zama dole, karanta takardar jikin kwalba, ka rufe hanci da jiki, ka fesa da sanyin yamma, yara su fita. Kada ka maimaita magani iri ɗaya kullum, Sharon na saurin sabawa da shi. Kwanakin jiran da aka rubuta kafin tsinka, a cika su. Wannan tumatir miyar wani gida zai shiga.

Alhajin Kura ya ɗage ledar gefe, ya wanke raga, ya raba ruwansa uku. Na kuma nuna masa ya riƙa kaɗa igiyoyin da aka ɗaure shukar da su da hantsi, tun da babu iska ko zuma da za su motsa furen. Tsofaffin ganyen ba su miƙe ba har aka cire su, amma sababbin sun fito a shimfiɗe. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya tsinko ganye ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga kai, ya haɗa da kwalbar duk abin da ya fesa da sunan takin da ya zuba, ya kai wa malamin gonan yankinsa ko ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, mafi kusa.