Barbara Tsakanin Karnuka 'Yan Jini Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

A gidaje da dama a Bauchi ana ajiye karnukan gadi 'yan asalin ƙasashen waje, irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, kuma mai sayarwa yakan yi alfahari da cewa jinin karensa bai gauraya ba. Alfaharin nan yana buƙatar bincike.

Mene ne kare mai tsantsar asali?

Shi ne wanda iyayensa da kakanninsa duk iri ɗaya ne, kuma aka rubuta su a rajista. Ƙungiyar Kennel Club ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, tana cikin waɗanda suka fara wannan tsari. Matsalar ita ce yawancin ire-iren sun samo asali ne daga karnuka ƙalilan, sannan namiji ɗaya da ya ci gasa akan kai masa mata masu yawa, har a wayi gari dangi ne ke barbarar dangi.

Ta yaya hakan ke jawo cuta?

Kwikwiyo yakan gaji ƙwayoyin halitta rabi daga uwa, rabi daga uba. Akwai cututtukan gado da ba sa bayyana sai sun zo ta ɓangarorin biyu, kamar yadda sikila take iya bayyana a 'ya'ya idan mai AS ya auri mai AS. Iyakar kusancin jinin iyaye, iyakar yiwuwar haɗuwar. Masana suna auna wannan da kaso: idan uba ya barbari 'yarsa, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aunin yakan kai kashi 25 cikin ɗari, 'yan uba kashi 12.5, 'ya'yan wa da ƙani kuwa kashi 6.25. Idan aka maimaita zuriya bayan zuriya sai kason ya taru, haihuwa ta ragu, garkuwar jiki ta yi rauni.

Waɗanne cututtuka aka fi gani?

German Shepherd ya yi ƙaurin suna da lalacewar gaɓar ƙugu, wadda ke gurgunta shi, kuma karen gadin da ba ya iya gudu ai kuɗi ne aka zubar. Doberman yana fama da ciwon zuciya. Bulldog kuwa, saboda an zaɓi gajeren hanci da ƙaton kai, numfashi yana yi masa wuya, zafi irin na watan Afrilu a Bauchi na iya halaka shi, kuma galibi sai an yi wa karyar tiyata kafin ta haihu.

Ina laifin mai kiwo a nan?

Laifin shi ne ya san wahalar da dabbar za ta sha amma ya fifita kyan siffa da kuɗi. Musulunci ya halatta ajiye kare don gadi da farauta da kiwo, ya kuma hana cutar da dabba; a ganina haifar da ita cikin ciwo da gangan cutarwa ce. A 2009, bayan wani shirin BBC na 2008 ya tona asirin lamarin, Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa.

Me mai saye zai yi?

Ya nemi ganin uwar da uban, ya tambayi dangantakarsu, ya kai kwikwiyon wurin likitan dabbobi kafin ya biya. Idan gadi ne kawai buƙatarsa, karnukanmu na gida, irin na mafarauta, jininsu ya fi gauraya, kuma sun saba da zafin ƙasar nan.